Gola da Wasan Bankwana

Akwai wani direban bas da kowa a unguwarsu yake kira Gola. Sunan ya bi shi har ya danne na yanka. Idan baƙo ya zo yana tambayar gidan da sunansa na gaskiya, ko 'ya'yansa sai sun ɗan yi tunani kafin su gane wa ake nufi.

Sunan ya samo asali ne tun zamanin masaƙa, wato kamfanin saƙar yadi na garinsu. Waɗanda suka yi wayo a lokacin za su tuna yadda abin yake. Jiniya ta yi kuka da safe, titi ya cika da kekuna, kowa da kwanon abincinsa ɗaure a bayan sirdi. Da yamma a tashi daga aiki, audugar da ta maƙale a gashin kai ba ta gama fita ba, sai filin ƙwallon da ke bayan katanga.

Filin ba wani na a zo a gani ba ne. Rabinsa ciyawa, rabinsa tsurar ƙasa. Turakun ragar ma bututun ruwa ne mai waldan masaƙa ya haɗa. Amma ranar wasa, har kan katanga mutane ke zama.

A lokacin Gola, mai tsaron ragar ƙungiyar ma'aikatan masaƙa, siriri ne dogo, kamar ka hure shi ya faɗi. Idan ya tashi sama ya cafke ƙwallo, sai ka ji filin ya ɗauka gaba ɗaya. Matar da ya aura ma a kan wannan katangar ta fara ganinsa, ta rako yayanta kallo.

Mai horar da su wani makanikin injin saƙa ne, suna ce masa Koci. Ba ya ɗaga murya, ba ya zagi. Usur ɗinsa a wuya, jakar lemu a hannu. Idan aka tafi hutun rabin lokaci, shi da kansa yake yanka lemun ya miƙa wa kowa, yana faɗa wa mutum kuskurensa a hankali kamar mai ba da labari.

Sai masaƙa ta rufe. Kowa ya kama gabansa.

Gola ya samu aikin tuƙa bas mai ɗaukar ma'aikatan wani kamfani. Aiki ne na zama. Da safe shayi mai sukari da burodi, da rana duk abin da ya samu a bakin titi, ya kora da lemun kwalba mai sanyi. Idan ya dawo gida a gajiye, ya cika ciki ya kwanta.

Shekaru suka yi ta tafiya, jiki ya yi ta buɗewa. Da farko ana cewa hutu ne ya zo. Daga baya sai da aka ja kujerar bas ɗin baya, don tumbinsa ya fara gogar sitiyari. Gwiwoyi suka fara ƙara, likita kuma ta ɗora shi a kan maganin hawan jini.

Ran nan da yamma yana zaune a ƙofar gida, sai ga tsohon kyaftin ɗinsu, wanda yanzu yake da shagon sayar da fenti. Tare da shi akwai mutum biyu cikin tsofaffin 'yan wasan. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka shimfiɗa musu tabarma.

Kyaftin ya ce, "Gola, an sayar da filinmu. Gidaje za a gina a wurin."

Gola ya daɗe bai taka filin ba, amma sai ya ji kamar an ce masa wani nasa ya rasu.

Kyaftin ya ci gaba, "Na je na gaya wa Koci. Ka san jiki ya yi nauyi, ido ma ya yi rauni. Abu ɗaya ya roƙa. Ya ce kafin a zuba bulo, mu taru mu buga masa wasa ɗaya. Na yi magana da tsofaffin 'yan kamfanin sabulu, abokan hamayyarmu, sun amince. Nan da wata biyu da 'yan kai."

"Ni ne a raga?" in ji Gola.

"Wa muke da shi in ba kai ba?"

Sai ɗaya daga cikin baƙin, wanda tun suna samari bakinsa ba ya shiru, ya dubi cikin Gola ya ce, "Ai yanzu ma ya fi dacewa. Ba sai ya yi tsalle ba. Ya tsaya a tsakiya kawai, ragar ta toshe."

Aka yi dariya. Gola ma ya yi, amma ta baki ce kawai. Maganar ta soke shi.

Ya ce, "Ku yi dariyarku. Ranar wasan nan, Golan da kuka sani shi za ku gani a raga. Duk wannan kayan sai na sauke shi."

Kyaftin ya ce, "Ka bi a hankali dai. Ni tun bara likita ta sa ni tafiyar ƙafa da safe, na rage sukari. Ka ga na ɗan faɗa. Ka zo mu riƙa fita tare."

Gola ya ƙare masa kallo ya ce, "Tun bara? Wannan ne sakamakon tun bara? Kyaftin, irin tafiyar nan ai masu juna biyu ake sa wa."

Kyaftin ya yi murmushi kawai.

Cikin makon Gola ya je asibiti karɓar maganinsa. Likitar da ke duba shi mace ce mai natsuwa, ta kusa sa'ar babbar 'yarsa. Ya hau sikeli, ya sauka, ya gaya mata yana so ya zubar da kilo ashirin da biyar kafin ranar wasa.

Ta ajiye biro ta ce, "Baba, na ji daɗi da kai ka kawo maganar da kanka. Amma shekara nawa ka yi kana tara wannan nauyin?"

"Ya haura ashirin."

"To ba zai tafi a wata biyu ba, in dai lafiya muke nema. Abin da jiki yake ɗauka ba tare da ya wahala ba, rabin kilo ne zuwa kilo ɗaya a mako. Wani makon ma ba za ka ga komai ba. Ka ci abincinka sau uku, ka dai rage yawansa. Ka ƙara ganye da 'ya'yan itace, ka bar lemun kwalba, ka rage sukarin shayi. Ka riƙa tafiya da ƙafa kullum. Ko kashi ɗaya cikin goma na nauyinka ka sauke a wata shida, jininka da gwiwoyinka za su gaya maka."

Gola ya yi lissafi a ransa ya ce, "Wato ranar wasan bai wuce in rage kilo shida ko bakwai ba?"

"In an dace."

"Likita, wannan lissafin na waɗanda ba su taɓa motsa jiki ba ne. Ni ɗan wasa ne. Jikina ya san wahala."

Ta ce, "Jikin da ya san wahala yana da shekara ashirin da biyar a lokacin. Wannan kuma yana shan maganin hawan jini, yana tuƙa mutane. Don Allah kada ka yi wa kanka yunwa, kada ka sha wani abu ban gani ba."

Ya ce to. Amma tun kafin ya kai bakin ƙofa maganar ta bi iska.

A hanyar gida ya tsaya wani shago inda ake tallar shayin rage ƙiba. A jikin kwalin akwai hoton mutum biyu, ɗaya kamar buhu, ɗaya kamar sanda, wai duk mutum ɗaya ne. Mai shagon ya rantse masa cewa kitse narkewa yake yi kamar an ɗora man shanu a wuta.

Daga ranar Gola ya daina karyawa. Ya daina cin abincin rana. Da yamma ya ci kokwamba biyu ya sha shayinsa. Shayin kuwa ba abin da yake yi sai kai shi bayan gida. Idan ya sauke ma'aikata da rana, sai ya naɗe cikinsa da leda, ya ɗora rigar ruwa a kai, ya yi ta gudu a bayan garejin kamfani cikin zafin rana. Ruwa ma kaɗan yake sha, wai kada ya ƙara masa nauyi.

Matarsa ta zuba ido kwana biyu, ta ga abin ba na ƙarewa ba ne. Ta ajiye masa abinci ta zauna a gabansa.

"Baban yara, wannan fa ba rage ƙiba ba ne. Horo ne kake yi wa kanka."

"Ke dai ki jira ki gani. Saurayin nan da kika hango daga kan katanga, shi zan dawo miki da shi."

"Wa ya ce maka shi nake nema? Wancan ko kuɗin cefane bai san yadda ake bayarwa ba. Ni wannan na saba da shi. Ka ci ko loma biyar ce."

Ya ture kwanon. Ta ɗauke, ranta a ɓace.

Gaskiyar magana, da farko sikeli ya ba shi goyon baya. Nauyi ya yi ta zuba. Ya ƙara huda bel ɗinsa. Ma'aikatan da yake ɗauka suka fara cewa, "Baba direba, mene ne sirrin?" Shi kuwa sai ya gyara zama yana murmushi.

Wata safiya ya wuce Kyaftin a bakin titi yana 'yar tafiyarsa. Ya rage gudu, ya danna ham, ya leƙo ta taga ya ce, "Sannu mai juna biyu. Allah ya raba lafiya."

Kyaftin ya ɗaga masa hannu yana dariya. Amma da ya dubi fuskarsa da kyau sai dariyar ta tsaya. Idanun Gola sun faɗa, leɓɓansa sun bushe.

Abin da Gola bai gaya wa kowa ba shi ne, idan ya miƙe tsaye sai ya dafa bango. Ƙafafunsa suna ɗaurewa. Zuciyarsa takan yi ta bugawa ba dalili. Mutumin da aka sani da barkwanci ya koma mai faɗa, abu kaɗan ya hau yara da masifa. Duk ya ce wa kansa alamar kitse na narkewa ce.

Saura kamar mako biyu wasa, abin ya faru.

Da safe ne, bas cike da ma'aikata, wasu na hira, wasu na gyangyaɗi. Sun gangaro wata 'yar gangara da ke kaiwa shataletale. Gola ya ji kunnuwansa sun toshe. Titin ya fara yin fari, sannan ya fara yin duhu daga gefe.

Allah ya taimaka, shekarun da ya yi a tuƙi suka yi masa rana. Da sauran ganin da ya rage masa ya karkata sitiyari zuwa gefen hanya ya taka birki. Bas ɗin ya hau dakalin titi, ya daki wani ƙarfen allo, ya tsaya. Kansa ya faɗa kan sitiyari.

Ba wanda ya rasa ransa. Amma wata mata da ke zaune a gaba, mai aikin share ofisoshi, ta bugu da ƙarfen kujera, hannunta ya karye.

A gadon asibiti ya farfaɗo, ana yi masa ƙarin ruwa. Matarsa na zaune a gefe, idanunta sun yi ja. Abin da ya fara tambaya shi ne, "Mutanen fa?"

Ta gaya masa. Ya juya fuskarsa bango.

Da likitar ta shigo, ya ɗauka faɗa za ta yi. Ba ta yi ba. Ta ja kujera ta zauna.

"Baba, yawancin abin da ka ga ya zube ba kitse ba ne. Ruwan jikinka ne da tsoka. Ga yunwa, ga gudawa, ga zufa, ga maganin hawan jini a kai. Jininka ya yi ƙasa sosai, shi ya sa ka suma. Ƙodarka ma ta ji jiki, amma mun tare abin da wuri."

Ya ce a hankali, "Kin gaya mini."

"Ba wannan ne ya kawo ni ba. So nake ka sani, nan gaba kaɗan nauyin zai dawo, wataƙila har da ƙari. Kada ka karaya idan ka gani. In ka warke, mu fara daga farko, ta hanyar da za ta ɗore."

Manajan kamfani ya zo dubiya, ya yi masa sannu, sannan ya gaya masa gaskiya. Ba zai sake riƙe sitiyari ba sai likita ta tabbatar ya samu lafiya sosai. Wasa kuwa, ba ma a yi maganarsa ba.

Ranar wasan, babbar 'yarsa ce ta kai shi filin. An riga an jibge yashi da bulo a gefe ɗaya. Katangar ta zube a wurare da yawa. Amma mutane sun zo, tsofaffin ma'aikata da matansu da jikokinsu, wasu sun shekara da shekaru ba su haɗu ba. Sai rungume juna ake yi ana cewa, "Kai ne kuwa? Ina gashin kanka ya tafi?"

Aka ajiye wa Koci benci a inuwa. Ya tsufa ƙwarai, amma usur ɗin nan na wuyansa. Gola ya so ya ɓuya a bayan mutane, sai Koci ya ce a kira masa shi.

"Zauna nan kusa da ni. Idona ba ya kaiwa tsakiyar fili. Kai za ka riƙa gaya mini abin da ake yi."

Aka fara wasa. Wasan dattawa ne, gudu kaɗan, dariya da yawa. Wanda ya shiga raga a madadin Gola tsohon ɗan benci ne da bai taɓa kama ƙwallon kirki ba ko a ƙuruciya. Kyaftin kuwa, mai tafiyar masu juna biyu, shi ne ya yi ta kai da kawowa har aka tafi hutu bai nemi a canza shi ba.

Gola yana ba Koci labari. Da aka zura musu ƙwallo ta biyu, ya kasa daurewa.

"Koci, wannan da ni ne, da hannu ɗaya zan ture ta. Na so in tsaya maka a raga yau. Na so ka ga yaronka kamar da. Ga shi na ɓata komai."

Koci ya lalubo gwiwarsa ya dafa.

"Wa ya ce maka samari na kira in gani? Samarin nan na gan su tuni, sun ishe ni. So nake in ga abin da suka zama."

Ya ɗan yi tari, sannan ya ce, "Ka tuna lokacin da ka fara zuwa wurina? Kana ta ɗokin ka yi tsalle ka faɗi kamar golan da kake gani a talabijin. Me na sa ka yi?"

Gola ya yi murmushi duk da hawayen da ke idonsa. "Ka tsayar da ni a jikin katanga kana jefo mini ƙwallo da hannu."

"Har tsawon wane lokaci?"

"Kakar wasa guda. Har na yi fushi na daina zuwa."

"Ka dawo kuma. Mutane suna tuna tsallenka, ni kuwa katangar nake tunawa. Ban san yaushe ka koma mai gaggawa ba."

Aka tashi wasa an ci su uku da ɗaya. Ba wanda ya damu. Matar Kyaftin ta kawo lemu a jaka, Koci ya ce a ba shi wuƙa. Da kansa ya yanka na farko, ya miƙa wa Gola.

Maganar likita ta tabbata. Cikin 'yan makonni nauyin ya dawo, har ya ɗan haura na da. Gola ya zauna a gida ba aiki, ba ya son fita, ba ya son haɗa ido da maƙwabta.

Wata safiya ya ji ana sallama. Kyaftin ne, da takalmin tafiyarsa.

"Na zo ɗaukar abokin tafiya. An ce masu juna biyu sun fi jin daɗin tafiya in sun samu 'yar uwa."

Gola ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba. Ya ce, "Kyaftin, ka yafe mini bakina."

"Sa takalmi, rana na yi."

Ranar farko ko ƙarshen layinsu bai kai ba ya nemi wurin zama. Kyaftin ya zauna tare da shi, suka yi hirar wani wasa da aka yi ruwan sama har ƙwallo ta riƙa tsayawa a cikin taɓo. Washegari suka ɗan ƙara nisa.

Kafin ya yi nisa a wannan sabuwar hanya, akwai inda ya ce lallai sai ya je. Matarsa ta raka shi gidan matar nan da ta karye. Suka same ta da hannu a ɗaure, ƙanwarta na yi mata wanki. Gola ya durƙusa ya gaya mata gaskiyar abin da ya jawo hatsarin, bai ɓoye komai ba.

Matar ta ce, "Baba direba, na ji ciwo, ba zan ce ban ji ba. Amma shekara nawa kana kai mu kana dawo da mu lafiya? Na yafe. Sai dai in ka dawo aiki, ni zan riƙa tambayarka ko ka karya kafin in shiga motarka."

A gida kuma matarsa ta karɓi ragamar kicin. Ba ta raba masa tukunya ba, abin da kowa zai ci shi yake ci. Ta dai canza masa faranti zuwa ƙarami, rabinsa ganye. Ta rage mai a girki. Sukarin shayi ta riƙa janye shi kaɗan-kaɗan har bai san ranar da ya saba ba. Lemun kwalba ya koma na ranar da aka yi baƙi.

Likita ta ce sau ɗaya a mako zai hau sikeli, kada ya wuce haka. Wani makon rabin kilo. Wani makon kilo guda. Akwai lokacin da ya yi kusan wata sikelin bai motsa ba, ya je mata rai a ɓace.

Ta ce, "Yaya gwiwa?"

"Da sauƙi."

"Barci fa?"

"Maman yara ta ce na rage minshari."

"To aiki na tafiya. Ci gaba."

Akwai kuma ranar da aka yi taro a gidan ƙaninsa, ya ga nama ya manta da kowace likita. Ya dawo yana jin haushin kansa, yana cewa gobe ba zai ci komai ba don ya rama. Matarsa ta ce, "A'a. Wannan hanyar mun bi ta mun ga inda ta kai mu. Gobe ka karya kamar kullum, ka fita tafiyarka." Haka aka yi.

Bayan wasu watanni likita ta amince ya koma aiki. Yanzu da kwanon abincinsa yake fita daga gida, da gorar ruwa a gefen kujera. Idan ya sauke ma'aikata, maimakon ya kwanta a cikin bas, sai ya zaga garejin da ƙafa a inuwa.

Tafiyar safe kuwa ta zama majalisa. Tsofaffin 'yan wasa suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, har da mai bakin nan da ya ce Gola ya toshe raga. Sukan bi ta gefen tsohon filin, inda gidaje suka tashi. Kullum sai an yi gardamar daidai ina ragar take. Wani ya ce ƙarƙashin tagar kicin ɗin can, wani ya ce a'a, inda aka ajiye tankin ruwa.

Shekara ta zagayo har ta ɗan gota. Gola bai koma siririn saurayin nan ba, kuma ya daina neman hakan. Kilo goma sha biyar ya sauke, ba ashirin da biyar ba. Amma sun tafi ba su dawo ba. Likita ta rage masa ƙarfin maganinsa. Yana iya durƙusawa ya ɗaure takalminsa ba tare da ya riƙe numfashi ba.

A cikin wannan lokacin ne aka kwantar da Koci a asibiti. Gola ya tashi daga aiki ya wuce dubiya. Aka ce masa ɗakin yana hawa na huɗu, na'urar hawa bene kuma ta lalace. Ya dubi matakalar, ya kama hawa. Bai tsaya ko sau ɗaya ba.

Ya yi sallama ya shiga. Koci na kwance, idanunsa a buɗe amma ba sa ganin komai yanzu.

"Wane ne?"

"Ni ne, Koci. Gola."

Tsohon ya juyo da kansa wajen muryar. "Ban yarda ba. An ce mini na'urarsu ta lalace. Da Gola ne ya hawo benen nan, tun daga hawa na biyu zan ji hakinsa."

"Wallahi ni ne."

"Matso in ji."

Gola ya matsa. Koci ya lalubi hannunsa, ya shafa kafaɗarsa, ya ɗora tafinsa a ƙirjinsa ya yi shiru yana sauraro. Numfashin na fita a natse. Sai fuskar tsohon ta washe.

"Yaushe ka yi wannan aikin?"

"Ban ma san ranar da zan ce ba, Koci. Kaɗan-kaɗan ne."

Koci ya gyaɗa kai. "Ja kujera ka zauna. Ka ba ni labarin tun daga farko. Kada ka tsallake komai, ba inda za ni."

Gola ya ja kujera. Suna nan har ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce lokacin dubiya ya ƙare, Koci ya roƙe ta ta ƙara musu kaɗan.

Darasi: Nauyin da aka yi shekaru ana tarawa ba ya tafiya a 'yan makonni sai ya tafi da lafiyar mai shi, wani lokaci har da ta waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, da abinci daidai misali, da motsa jiki kullum, da shawarar likita, ya fi yunwa da shaye-shayen da ba a san abin da ke cikinsu ba. Kada dariyar mutane ko kewar ƙuruciya ta sa ka zalunci jikinka, kuma kada ka raina wanda yake tafiya a hankali. In kana da ɗan uwa ko aboki da ke wannan fama, tura masa labarin nan, in da hali ma gobe da safe ka je ka raka shi tafiya.